Harsashin da Maƙwabta Ke Ji

A shagon Hultgren, kan hanyar da ta nufi Libby,
yaron kanti ya ɗora min shi a tafin hannu:
siriri, mai dogon wuya, yana sheƙi kamar haƙorin zinariya.
"Shida da rabi," in ji shi. "Sabon fita.
Iska ba ta karkatar da shi, kafaɗa ba ta shan duka,
yana kai yadi dubu bai sunkuyar da kai ba."

Na ce, yaro, shekaruna sittin da bakwai.
Idona na dama ya daina kai yadi ɗari uku
tun shekarar da muka binne yayana Arlis.
Wa zan harba a yadi dubu? Gobe?

Duk da haka na ninke takardar farashin, na sa aljihu,
don kwaɗayi ba ya furfura.

Da dare na baje ta kan teburin kicin.
Bindiga, dala dubu da ɗari biyu.
Madubin hange, wasu ɗari takwas.
Kwali mai ashirin, dala arba'in da biyu,
wato duk jan kunama
dala biyu da 'yan kai sun bi hayaƙi.
Kuma sai ka ƙona ɗari biyar kafin hannu ya santa,
ga bututu, an ce, mai saurin cinyewa.

Marlys ba ta ce uffan ba.
Ta turo min littafin ɗakin ƙasa:
wake buhu shida, shinkafa huɗu, gishiri, zuma,
matatar ruwa da ta tsage tun bara,
allurar sukarinta ta wata biyu kacal.
Ta ɗora yatsa kan layin ƙarshe,
ta kashe fitilar sama, ta tafi ta kwanta.

Bayan ƙofa akwai tsohuwar mahaifina,
talatin da shida,
kotarta ta yi baƙi da gumin mutum biyu.
Tana harbin kafaɗa kamar alfadari.
Amma abincinta na nan a kowane gidan mai
daga nan har iyakar Kanada,
a aljihun tsofaffin riguna,
a gwangwanin kofi, haɗe da ƙusoshi.

A Janairu dusar ƙanƙara ta rufe mu kwana goma sha ɗaya.
Wuta ta ɗauke a dare na biyu.
A na shida Wendell Struthers ya iso da ƙafa,
gemunsa duk ƙanƙara,
damisar dutse ta ɗauke masa awaki biyu.
Shi ya riga ni sayen sabuwar.
Ya ƙarar da nasa wajen gwaji tun kaka,
kwalayen da ya yi oda suna kwance a gidan waya,
mil talatin, bayan tudun da ba ya ketaruwa.

Na zuba masa nawa a hannu.
Muka tsaya muna kallonsu, mu biyu,
kamar masu kallon kuɗin wata ƙasa.
Ko ɗaya ba zai shiga tasa ba.

Sai na ba shi tsohuwar gaba ɗaya.
Ya dawo da ita bayan kwana uku
da galan biyar na man janareta
da cuku a nannaɗe cikin jarida.
Bai ga damisar ba. Ya harba sama sau biyu, ta daina zuwa.

Harsashi harshe ne, na gaya wa Marlys.
Wanda maƙwabta ba sa ji, da shi da bebe ɗaya.
Ta ce, "Miƙo cukun."

Da hanya ta buɗe na sayi matata,
na sayi allurar wata shida,
da kwali huɗu na tsohon yayi.

Takardar farashin kuwa tana walat ɗina har yau,
ta yi laushi kamar tsumma.
In na shiga Libby nakan leƙa shagon,
yaron ya ciro ta ba tare da na tambaya ba.
Nakan kai ta kafaɗa, in runtse idon hagu,
in nemi yadi dubu a jikin bangon da ke gabana.